Hukuncin kisa: kafin a nemi sa hannun gwamna, a duba hanyar da ke kai mutum gidan yarin Kirikiri

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu tofa albarkacin bakinmu a kan muhawarar hukuncin kisa, wadda kan taso duk lokacin da aka yi wani kisa mai tada hankali, a yi mako biyu ana cacar baki, sannan a yi shiru sai wani ya sake faruwa. Mu lauyoyi ne masu jin Hausa da ke aiki a kotunan manyan laifuka a nan Legas. Abin da muka lura da shi shi ne, masu cewa a kashe da masu cewa a daina kisa duk suna magana ne a kan ranar ƙarshe, ranar igiya. Kaɗan ne ke tambayar yadda aka yi mutum ya isa wurin. A ganinmu can ne maganar take, kuma ta fi shafar ɗan Arewa mazaunin Ikko fiye da yadda yawancinmu muke zato.

Bari mu fara da hujjar masu goyon baya, domin hujja ce mai nauyi, kuma ba mu yarda da masu raina ta ba. Wanda aka kashe wa ɗa yana da haƙƙi. Lokacin da aka sace yarinya 'yar shekara 5 a Kano, aka kashe ta, aka kuma gano mai makarantar da take karatu ne ya aikata, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yulin 2022, kuma da wuya ka sami Bahaushen da ya ce an zalunce shi. Haka a nan Legas, ɗan sandan da ya harbe wata lauya a Ajah ranar Kirsimetin 2022 an yanke masa kisa a Oktoban 2023, direban motar bas ta BRT da aka samu da laifin kashe wata budurwa da ta hau motarsa shi ma an yanke masa a Mayun 2025. Duk wanda ya bi waɗannan shari'o'i ya san abin da ke zuciyar iyayen. Allah da kansa ya faɗa a Suratul Baƙara, aya ta 179, cewa akwai rayuwa a cikin ƙisasi ga masu hankali. Tsarin mulkin 1999 ma bai hana ba: sashe na 33 ya ba kowa 'yancin rayuwa, amma ya ware hukuncin da kotu ta yanke bayan ta samu mutum da laifi, kuma tun a ƙarƙashin tsarin mulkin 1979 mai irin wannan tanadi Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Onuoha Kalu a 1998.

Akwai wata hujjar da ta fi wannan kama hankali ga wanda ke zaune a ƙasar da ba tasa ba. In jama'a suka fitar da rai cewa hukuma za ta hukunta mai kisa, su ne za su ɗauki taya da fetur. Mun ga abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a Maris ɗin 2025, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke kan hanyarsu ta komawa gida. Masu goyon bayan hukuncin kisa suna cewa hannun hukuma in ya yi sanyi, hannun 'yan unguwa ne ke yin zafi, kuma baƙo ne farkon wanda zai sha. Wannan gaskiya ce. Sai dai a lura, abin da ke hana ɗaukar doka a hannu shi ne a ga an kama mai laifi an hukunta shi cikin lokaci. Girman hukuncin da ke rubuce a takarda bai taɓa hana kowa ɗaukar taya ba.

To, me dokar Legas ta ce? Kisan kai, a sashe na 223 na dokar manyan laifuka ta jihar, hukuncinsa kisa. Fashi da makami, sashe na 297, kisa. Garkuwa da mutane, a dokar da aka sa wa hannu a 2017, ɗaurin rai da rai ne, amma in wanda aka sace ya mutu a hannu, kisa. Ga kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: a kisan kai da fashi da makami, alƙali ba shi da zaɓi. Da zarar ya ce an tabbatar da laifin, bakin alƙalami ya bushe. Ba zai duba cewa wannan ne karon farko ba, ko abin da aka ƙwace wayar hannu ce ta naira dubu ashirin, ko ba a ji wa kowa ciwo ba. Iyakarsa ya rubuta wa gwamna shawarar a yi sassauci.

Kuma “makami” a dokar fashi ta tarayya bai tsaya a bindiga ba. Adda, wuƙa, mashi, kwari da baka, kulki, har guntun katako ko ƙarfe ko kwalba ko dutse, duk makami ne in an riƙe shi don cutarwa. Sannan dokar ba ta ce sai kai ne ka riƙe ba. Ta ce wanda ke ɗauke da makami, ko wanda ke tare da mai ɗauke da shi. A nan ne ɗan acaɓa ke shiga uku. Ya ɗauki fasinja biyu da dare, suka ce ya tsaya, suka sauka suka tare wani da wuƙa, suka dawo suka ce ya ja. In aka kama su, tuhuma ɗaya za a rubuta musu, kuma shi ne zai yi ta faman nuna cewa bai san nufinsu ba. Mai sayen tsofaffin ƙarafa da mai sayen waya ta hannu su ma suna bakin wannan rami, domin dokar shaida ta 2011, sashe na 167, ta yarda kotu ta ɗauka cewa wanda aka samu da kayan sata jim kaɗan bayan satar, ko shi ne ɓarawon ko mai karɓar kayan sata, sai in ya ba da bayani mai gamsarwa. In wayar an ƙwace ta ne da makami, ka ga inda maganar ta nufa.

A jihar Osun an kama wani matashi a 2010 bisa zargin shiga gida da makami da satar kaji. A 2014 aka yanke masa hukuncin kisa. Alƙalin da kansa ya ba da shawarar sassauci, amma sai a Disambar 2024 gwamna ya yi masa afuwa, bayan mahaifansa sun yi ta kuka a kafafen sada zumunta. Shekara 14 na ƙuruciyarsa sun tafi a kan kaji. Alƙalin bai karya doka ba, dokar ce haka.

Yanzu mu bi hanyar daga farko, don mai karatu ya ga wuraren da take karkacewa.

Mataki na farko caji ofis ne, daga nan a tura mutum sashen binciken manyan laifuka da ke Panti a Yaba. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, amma sashe na 35(7) ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan kariyar. Wato wanda ransa ke kan layi shi ne ya fi daɗewa a hannun masu bincike. A cikin waɗannan kwanaki ake rubuta takardar da ake kira sitatimen, kuma a shari'o'i da yawa ita ce kaɗai shaidar da za ta rataye shi. Rahoton da ƙungiyar Amnesty ta fitar a 2008 tare da wata ƙungiyar lauyoyi ta Legas ya nuna fiye da rabin masu jiran kisa a ƙasar nan an yanke musu ne bisa amsa laifin da suka yi a hannun 'yan sanda.

Ka ɗauki ɗan garuwa ko mai gadi ko mai dako a Mil 12, wanda Turancinsa bai wuce na ciniki ba, Yarbancinsa na gaisuwa ne. Ɗan sanda na tambayarsa da burokin, wani ɗan sanda ko wani tsararre na fassarawa, ana rubutawa da Turanci, a ƙarshe a kama babban yatsansa a dangwala. Ya ce “ina wurin”, yana nufin yana unguwar lokacin da aka yi faɗan, a rubuta cewa yana cikin waɗanda suka yi. Ya ce “na san shi”, yana nufin yana ganinsa a tasha, a rubuta abokinsa ne. Ya ce “a yi haƙuri”, irin yadda Bahaushe kan faɗa wa duk wanda ya fi shi ƙarfi, a rubuta ya roƙi gafara. Ba sai an doke shi ba ma, tazarar harshe kaɗai ta isa.

Doka ta san da wannan matsala. Ƙa'idar da kotuna suka daɗe a kai ita ce, a rubuta bayanin a harshen da aka yi shi, sannan a fassara, kuma dole tafintan ya zo kotu ya ba da shaida a kan abin da ya ji da abin da ya fassara. In bai zo ba, takardar ta zama jita-jita, ba a karɓarta. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Legas, a sashe na 9(3), ta ƙara da cewa in mutum zai amsa laifi, a ɗauke shi a bidiyo, in babu na'urar ɗauka to a rubuta a gaban lauyan da ya zaɓa. Dokar tarayya ta 2015 ta zo da irin wannan, akwai kuma dokar hana azabtarwa ta 2017. Inda gizo ke saƙar shi ne, duk wannan kariya sai lauya ya tashi ya yi magana a daidai lokacin da mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar. In ya ce an tilasta wa wanda yake karewa, alƙali zai dakatar da babbar shari'ar ya yi wata 'yar ƙarama a cikinta don gano ko da son rai aka yi bayanin. In lauyan ya yi shiru, ko ranar ce ya fara ganin fayil ɗin, ko shi ma ba ya jin Hausa bai taɓa zama da mutumin ba, takarda ta shige. Tada maganar a kotun gaba ihu ne bayan hari.

Haka maganar “ba na wurin”. Duk wanda zai kare kansa da cewa yana wani waje lokacin da aka yi laifin, doka na so ya faɗa tun a caji ofis, da cikakken bayani: ina yake, da wa, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, domin 'yan sanda su je su bincika. In ya bari sai a gaban alƙali bayan shekara huɗu, za a ce tunanin baya ne. Wa ya gaya wa mai shayi wannan ƙa'ida? Kuma shaidunsa su waye? 'Yan ci-rani ne irinsa, damina na faɗuwa sun koma Sakkwato ko Jigawa ko Nijar, lambar wayarsu ta canja.

Shekaru ma abin dubawa ne. Doka ta hana yanke hukuncin kisa ga wanda bai kai 18 ba lokacin da ya aikata laifin. Amma yaron da ya baro ƙauye ba shi da takardar haihuwa, kuma abin da ɗan sanda ya rubuta a saman takarda shi ke bin sa har Kotun Ƙoli. In aka rubuta 20, ya zama 20, sai in lauya ya nemi likita ya duba tun da wuri.

Daga Panti sai kotun majistare, wadda ba ta da hurumin sauraron irin wannan ƙara. Aikinta ta ba da umarnin tsarewa, kwana 30 a karon farko, a aika kwafin fayil ofishin daraktan gabatar da ƙararraki a Alausa don ya ba da shawara ko akwai tuhumar da za a amsa. Beli kuwa sai a Babbar Kotu, shi ma sai da dalili na musamman. Kwana talatin ɗin nan kan zama wata shida, ya zama shekara biyu, saboda ba a kwafi fayil ba, ko an yi wa mai binciken canjin wurin aiki. Mutum na zaune a gidan yarin Ikoyi, wanda aka gina don mutum 800 amma yake ɗauke da ninkin haka sau uku ko fiye. Kafin a fara shari'a, wanda aka yi wa fashin ya gaji ko ya tashi daga unguwar, likitan da ya duba gawa ya bar ƙasar, sai a wayi gari shaida ɗaya ce ta rage: ɗan sanda da takardarsa. Wannan jinkiri yana cutar kowa. Mai laifi na gaske kan kuɓuta don shaidu sun watse, marar laifi kan halaka don nasa shaidun ne suka watse.

Ana iya cewa ai kimiyya za ta raba gardama. Legas ta buɗe cibiyar binciken ƙwayar halitta a 2017, irinta ta farko mallakar wata jiha, amma an lalata ta a tarzomar Oktoban 2020, lokacin da aka ƙona Babbar Kotun Igbosere da fayilolin da ke ciki. A mafi yawan shari'o'in fashi da ake yi yau, ba a ɗaukar zanen yatsa a kan makami, ba a gwada harsashi da bindigar da aka ce ita ta harba shi. Abin da ake da shi shi ne mutumin da ya ce ya gane fuska, sau da yawa da dare, cikin firgici, fuskar baƙon da bai taɓa gani ba. Jeren tantancewa da ya kamata a yi, a sa wanda ake zargi cikin mutane masu kama da shi a tsayi da shekaru da sutura, wani lokaci ba a yi, sai dai a fito da mutum ɗaya da ankwa a tambaya, “Shi ne?”

Bayan hukunci, mutum na da kwana 90 ya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, sannan kwana 30 zuwa Kotun Ƙoli, kuma a hukuncin kisa ba ya buƙatar neman izini. A takarda ke nan. A aikace sai an harhaɗa kundin shari'ar, an buga, an aika, an sami lauyan da zai rubuta hujjoji, kuma duk kuɗi ne. Akwai ofishin lauyoyin gwamnati masu kare talaka kyauta da Legas ta kafa a 2000, akwai kuma hukumar taimakon shari'a ta tarayya tun 1976. Suna ƙoƙari, amma aikin ya fi hannayen yawa. Mutane da dama a sashen masu jiran kisa a Kirikiri ba su taɓa ɗaukaka ƙara ba, alƙali ɗaya ne kawai ya taɓa duba maganarsu.

Kuskure a nan ba tatsuniya ba ce. An yanke wa Nasiru Bello hukuncin kisa a jihar Oyo a 1980 bisa fashi da makami, ya ɗaukaka ƙara, amma a 1981 aka kashe shi ƙarar tana nan ba a saurara ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce an yi kisan ba bisa doka ba. Iyalinsa sun ci shari'a, shi kuwa yana kabari. A Afrilun 1985 an harbe mutum uku a Kirikiri kan miyagun ƙwayoyi a ƙarƙashin dokar soja mai lamba 20 ta 1984, dokar da aka mayar da aikinta baya ta kama abin da aka yi kafin a kafa ta. A Ingila an rataye Timothy Evans a 1950 kan kisan da daga baya aka gano maƙwabcinsa ne ya aikata shi, afuwar ta zo a 1966. A Amurka, inda ake da kuɗin bincike da lauyoyi, kusan mutum 200 da aka yanke wa kisa tun 1973 an wanke su daga baya. Ɗauri in an yi kuskure ana buɗe ƙofa a biya diyya. Rai kuwa ba a mayar da shi.

Sai maganar tsoratarwa, wato gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Babu garin da ya gwada wannan kamar Legas. Bayan yaƙin basasa gwamnatin soja ta kafa dokar fashi a 1970, kuma daga 1971 aka fara ɗaure 'yan fashi a jikin ganguna a bakin teku na Bar Beach ana harbewa a gaban dubban jama'a. A nan aka harbe Ishola Oyenusi a Satumban 1971. Shekara 15 bayan haka sai ga Lawrence Anini ya addabi Benin, aka harbe shi a 1987. A Yulin 1995 an harbe mutum 43 rana ɗaya a Kirikiri. Duk wanda ya zauna a Legas a ƙarshen shekarun 1990 ya san ko fashi ya ragu. Majalisar binciken kimiyya ta Amurka ta duba nazarce-nazarcen shekaru masu yawa a 2012, ta ce ba su isa a kafa hujja da su ba, ko ta cewa kisa na rage laifi ko ta cewa ba ya ragewa. Abin da ɗan fashi ke lissafawa shi ne ko za a kama shi. Kuma akwai wata illa da masu doka ba su cika dubawa ba: in hukuncin wanda ya ƙwace waya da wuƙa daidai yake da na wanda ya ƙwace ya kuma kashe mai ita, me zai hana shi kashe shaidar da za ta gane shi?

Nan za mu yi magana da 'yan'uwanmu Musulmi kai tsaye, domin mun san da yawa za su ce ai hukuncin Allah ne, ba a jayayya. Ba ma jayayya da ƙisasi. Abin da muke cewa shi ne, a kwatanta abin da muka karanta a Risala a zaure da abin da ake yi a kotunan Ikeja. A shari'a, jinin wanda aka kashe haƙƙin magadansa ne: su nemi ƙisasi, ko su karɓi diyya, raƙumi 100 ko dinari 1,000 na zinariya, ko su yafe, kuma ayar da ta wajabta ƙisasin, ta 178, ita ce ta kira yafewar sauƙi da rahama daga Ubangiji. A mazhabar Malikiyya wanda aka yafe wa kisan ganganci ana yi masa bulala 100 da ɗaurin shekara guda, kisan gilla ne kawai, wato a yaudari mutum a kashe shi don dukiyarsa, magada ba su da ikon yafewa. Tabbatarwa kuma sai da shaidu adilai biyu, ko iƙirarin da ba tilas a cikinsa, ko rantsuwar ƙasama 50 in akwai alama mai ƙarfi. Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'idar cewa ana tunkuɗe haddi da shubuha. A dokar Legas, wadda asalinta daga Turawan Ingila ne, magada ba su da ta cewa. Ko sun yafe shari'a na ci gaba, sai in Antoni Janar ya janye, kuma ko an kashe mai laifin marayun ba su samun ko kwabo. Wanda ya kira wannan ƙisasi ya ba shi sunan da ba nasa ba.

Masu neman a soke hukuncin baki ɗaya su ma muna da magana da su. Suna kawo misalin Saliyo da ta soke a 2021, Zambiya a 2022, Ghana a 2023, Zimbabuwe a ƙarshen 2024, kuma gaskiya ne iskar na kaɗawa can. Amma sukan yi magana kamar wanda aka kashe ba shi da uwa. Ba za ka je gidan makoki da takardar yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ka ce a yi haƙuri ba. Kuma in ɗaurin rai da rai ne madadin, dole a tabbatar wa jama'a cewa mai kuɗi ba zai fito bayan shekara biyar ta ƙofar afuwa ba. Duk lokacin da jerin sunayen afuwa ya fito da wanda ya yi kisa mai uwa a gindin murhu, masu neman sokewa sun yi asarar magoya baya dubu.

Halin da ake ciki yanzu bai gamsar da kowane ɓangare ba. Kotuna na ci gaba da yanke hukuncin, gwamnoni ba sa sa hannu. Kisa na ƙarshe da aka sani an zartar a ƙasar nan shi ne na mutum uku a Benin a Disambar 2016, kafin shi na mutum huɗu a can a Yunin 2013. Masu jiran hauni sun haura 3,000. Malamin cocin nan na Legas da aka fi sani da Rabaran King an yanke masa kisa a Janairun 2007, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Fabrairun 2016, yana nan a tsare. Iyalan mamaci ba su ga ƙarshen magana ba, wanda aka yanke wa kuma yana kwana yana tashi da jin ƙarar makulli. Kwamitin nazari da gwamnatin Obasanjo ta kafa ya ba da shawara tun 2004 a dakatar da zartarwa har a gyara tsarin shari'a. Ba a karɓa a hukumance ba, ba a kuma yi gyaran ba.

Matsayinmu shi ne kada Gwamnan Legas ya sa hannu a kan kowa alhali hanyar tana yadda muka bayyana, kuma majalisar jiha ta cire tilas daga hukuncin, ta bar wa alƙali ya auna, kamar yadda Kotun Ƙolin Kenya ta yanke a 2017. Fashin da ba a yi kisa a cikinsa ba a fitar da shi daga layin igiya gaba ɗaya. Ɗaurin shekara 21 da doka ta tanada wa fashi marar makami ba wasa ba ne, ana iya ɗorawa a kansa. A kisan kai kuma a buɗe wa magada ƙofa, a ji ta bakinsu kafin yanke hukunci, a ba su damar karɓar diyya in sun so. Akwai ma abin da ba ya buƙatar sabuwar doka: dokar gidajen gyaran hali ta 2019, sashe na 12, ta ba Babban Alƙalin jiha ikon mayar da hukuncin kisa ɗaurin rai da rai ga wanda ya ƙare ɗaukaka ƙararsa ya kuma yi shekara 10 ba a zartar ba. A yi aiki da ita.

Sauran aikin namu ne. Sarakunan Hausawa na Agege, Idi-Araba, Obalende, Mil 12 da Alaba Rago, da shugabannin 'yan acaɓa da 'yan kasuwa, su ne ake fara kira in an kama yaro. Yawanci abin da ake yi shi ne a tara kuɗi a je neman sulhu a caji ofis, sai abin ya gagara a nemi lauya, bayan an riga an dangwala. A juya tsarin. Kowace fada ta ajiye lambar lauya da sunayen mutum biyu ko uku masu jin Hausa da Turanci sosai, waɗanda za su iya zuwa Panti a ranar, su kuma yarda su tsaya a kotu in an kira su. A sanar a masallatan Juma'a cewa wanda aka kama yana da ikon yin shiru har lauyansa ya zo, kada ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da Hausa ba, in yana wani wuri lokacin da abin ya faru ya faɗi wurin da sunayen waɗanda ke tare da shi nan take. 'Yan'uwansa su rubuta lambobin waɗannan shaidu da sunan garuruwansu kafin su tafi noma, su kuma aika gida a nemo duk wata takarda da ke nuna shekarunsa, ko ta makarantar firamare ce ko katin rigakafi. A kotu kuma sashe na 36 na tsarin mulki ya ba shi tafinta kyauta. In ba a kawo ba, ko wanda aka kawo Hausarsa ba ta kai ba, lauya ya sa alƙali ya rubuta ƙorafin a kundin shari'a a ranar, domin abin da ba ya cikin kundi kotun gaba ba za ta duba shi ba.

Mun gode da filin da ka ba mu. Wassalam.

Wasu lauyoyi masu jin Hausa,
Ikeja, Legas